Ruwan Zafi Ko Ruwan Sanyi: Wanne Ne Yake Rage Ƙiba?

Darasi domin majinyata da iyalansu, da ƙungiyoyin ikkilisiya

Labarin wata mata

Wata mata ta zo asibitinmu daga wani ƙauye a hanyar Pitowa. Shekarunta sun kai 50. Tana da jiki, gwiwoyinta suna ciwo, tana kuma shan maganin hawan jini. A zuwanta na baya an ba ta shawara ta rage nauyi. Da ta hau sikeli sai ta ce wa ma'aikaciyar jinya, "'Yata, kilo nawa ya ragu?"

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, bai ragu ba. Yana nan yadda yake."

Ran matar ya ɓaci. Ta ce, "Wata uku ke nan ban sa ruwan randa a bakina ba. Ruwan zafi nake sha safe da yamma, da lemun tsami da zuma. An ce mini shi ne yake narkar da kitse. Duk zafin nan na Afrilu haka na daure."

Ma'aikaciyar ta ce, "Sannu, Mama, kin yi ƙoƙari. Ban da ruwan zafin, me kike sha kuma?"

Sai ta ce shayi sau uku a yini, kowane kofi da sukari ƙwaya huɗu. Tana kuma sayar da zoɓo, wanda ake kira folere a nan, takan sha leda biyu ko uku idan ƙishirwa ta dame ta.

Matar nan ba rago ba ce. Ta sha wahala a kan abin da ba shi da amfani, ta bar abin da yake ƙara mata nauyi. Mutane da yawa suna cikin irin wannan hali. Waɗansu sun ce ruwan zafi yana narkar da kitse. Waɗansu sun ce ruwan sanyi yana daskarar da mai a ciki, ya kawo tumbi. Waɗansu kuma sun ji a rediyo ko a waya cewa ruwan ƙanƙara ne yake rage ƙiba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Yadda jiki yake aiki da abinci

Jikin mutum kamar murhu yake wanda wutarsa ba ta mutuwa. Abinci shi ne itacen. Ko muna barci wutar tana ci, domin zuciya ta buga, huhu ya ja numfashi, jiki ya zauna da ɗuminsa. Idan muna noma ko tafiya ko daka, wutar takan ƙara ci.

Ana auna ƙarfin da yake cikin abinci da wani ma'auni mai suna kalori. Ƙwayar sukari ɗaya, irin ta kwali, tana da kalori wajen 20. Babban cokali na man gyaɗa ko man auduga yana da wajen 120. Babban mutum yakan ƙone kalori wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini. Manomi a lokacin aikin gona yakan ƙone fiye da haka.

Idan abin da muka ci ya fi abin da muka ƙone, jiki yakan ajiye ragowar. Wannan ajiya ita ce kitse, wato rumbun jiki. Idan kuwa abin da muka ƙone ya fi abin da muka ci, jiki yakan buɗe rumbun ya ɗiba. Ta haka nauyi yake raguwa. A cikin kilo ɗaya na kitsen jiki akwai kalori wajen 7,700.

Ruwa zalla ba shi da kalori ko ɗaya, ko mai zafi ne ko mai sanyi. Saboda haka ruwa ba ya sa ƙiba.

Ruwan zafi yana narkar da kitse?

Mun san inda wannan tunani ya fito. Kowace mace ta san idan kwano ya yi maiƙo, ruwan zafi ne yake wanke shi. Ta kuma ga yadda man shanu yake daskarewa da hunturu. Sai a ɗauka haka abin yake a cikin mutum.

Amma cikin mutum ba kwano ba ne. Ga dalilai uku.

1. Ruwan da muka sha ba ya taɓa kitsen. Ruwa yana bin maƙogwaro ya sauka cikin ciki, ya wuce hanji, daga nan ya shiga jini. Kitse kuwa yana ajiye a ƙarƙashin fata da kewayen kayan ciki, a kulle cikin ƙananan jakunkuna waɗanda ido ba ya gani.

2. Ɗumin jikin mai lafiya digiri 37 ne, dare da rana. Duk ruwan da ya shiga ciki, ba ya daɗewa sai ya koma daidai da ɗumin jiki. Mai zafi ya huce, mai sanyi ya yi ɗumi. Don haka ruwan sanyi ba ya iya daskarar da man abinci a cikin hanji.

3. Kitse ba ya fita ta fitsari ko ta gumi kamar yadda maiƙo yake bin ruwan wanke-wanke. Sai jiki ya ƙone shi tukuna. Idan ya ƙone, yawancinsa yakan fita ta numfashi, sauran ya zama ruwa.

Wani zai ce, "Ai idan na sha ruwan zafi nakan yi gumi, in ji jikina ya yi sakayau." Gaskiya ne, amma abin da ya fita ruwa ne. Da zarar ka sha wani ruwan, nauyin ya koma.

Lemun tsami yana da amfani ga jiki, yana kuma ƙara wa ruwa daɗi, amma ba ya narkar da kitse. Zuma kuwa 'yar'uwar sukari ce. Babban cokalinta ɗaya yana da kalori wajen 60, daidai da sukari ƙwaya uku. Matar da muka ba da labarinta ƙara wa rumbun take yi kowace safiya, ba ta sani ba.

Akwai kuma gargaɗi. A shekarar 2016, masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce yawan shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon daji a hanyar da abinci yake bi zuwa ciki. Ko ruwa ne, ko shayi, ko kunu, a bar shi ya sha iska. Abin da yake ƙona harshe yana ƙona maƙogwaro.

To, ruwan ƙanƙara fa?

A nan akwai ƙwayar gaskiya, amma ƙarama ce ƙwarai. Idan ka sha ruwan sanyi, dole jiki ya ɗumama shi ya kai digiri 37. Wannan yana cin ɗan ƙarfi. Bari mu yi lissafi tare.

Kalori ɗaya ne yake ɗaga ɗumin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. A ce ruwan randa yana digiri 25. Kafin ya kai 37 saura 12, wato kalori 12 ke nan. A ce ruwan firiji yana digiri 5. Saura 32, wato kalori 32. Bambancin da yake tsakaninsu kalori 20 ne a kowace lita, daidai da ƙwayar sukari ɗaya tak.

Idan mutum ya sha lita biyu na ruwan firiji kowace rana a maimakon na randa, zai yi fiye da wata shida kafin lissafin ya kai kilo ɗaya. Wannan ma a takarda ne. A zahiri bai kai haka ba, gama jiki yakan ɗumama ruwan da zafin da ya riga ya tara. A ƙasa irin tamu, jiki neman inda zai zubar da zafi yake yi.

Masana sun gwada wannan. A 2003 waɗansu likitoci a Balin, ƙasar Jamus, sun ba da rahoto cewa shan rabin lita na ruwa yana ƙara wutar jiki da kashi 30 cikin 100 na ɗan lokaci. Labarin ya bazu duniya, har yau ana maimaita shi. Amma a 2006 waɗansu masana a ƙasar Suwizalan suka sake gwadawa. Da ruwa mara sanyi ba su ga wani ƙari ba. Da ruwa mai digiri 3 kuwa, ƙarin bai kai kashi 5 cikin 100 ba, a cikin awa ɗaya.

Saboda haka kada kowa ya kashe kuɗinsa a kan ƙanƙara domin ya rame. Kada kuma kowa ya ji tsoron ruwan sanyi domin kada ya yi tumbi.

Inda ruwa yake taimako da gaske

Ruwa yana taimakon mai son rage nauyi ta hanyoyi biyu, kuma babu ruwansu da zafi ko sanyi.

Hanya ta fari: a sha ruwa a maimakon kayan zaƙi. Ƙaramar kwalbar lemo irin Coca-Cola, mai santilita 33, tana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato ƙwaya bakwai, kalori wajen 140. Babbar kwalba ta kusa ninka haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum yake ci a yini ya wuce giram 50, wato ƙwaya goma, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Shayin matar nan shi kaɗai ƙwaya 12 ne a yini, kalori 240. Sai ta sha lita 12 na ruwan firiji kafin lissafin ya biya wannan sukari.

Zoɓo, da ruwan tsamiya, da lemun citta, da kunun zaƙi, duk abin sha ne mai kyau idan ba a cika musu sukari ba. Giya kuwa, ko ta kwalba ko bilbil, tana da kalori da yawa, tana kawo tumbi, tana ɗaga hawan jini, tana lalata hanta.

Hanya ta biyu: a sha ruwa kafin cin abinci. A 2010 an yi gwaji a jihar Bajiniya ta Amurka da mutane masu ƙiba waɗanda suka manyanta. Dukansu sun rage abinci. An ce wa rabinsu su riƙa shan rabin lita na ruwa kafin kowane cin abinci. Bayan mako 12, masu shan ruwan sun fi sauran raguwa da wajen kilo 2. A 2015 an yi irin wannan gwaji a Bamingam ta Ingila, bambancin ya ɗan haura kilo ɗaya. Dalili shi ne ruwa yakan tare wuri a ciki, mutum ya ƙoshi da wuri. Taimako ne kaɗan, amma kyauta ne.

Abin da ya fi zafi da sanyi muhimmanci

A ƙasarmu tambayar da ta fi girma ita ce: ruwan yana da tsabta? Yawancinmu muna tuna 2010, sa'ad da ciwon amai da gudawa, wato kwalara, ya ratsa arewacin Kamaru, ya kashe ɗaruruwan mutane. Ta gurɓataccen ruwa yake yaɗuwa, haka ma taifot da atini.

Ku riƙe waɗannan:

1. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ƙanƙarar da aka yi da ruwa mai datti tana nan da cutarta. Idan ta narke a cikin kofi, cutar ta shiga. Kada ku sa ƙanƙara a ruwan sha sai kun san da wane ruwa aka yi ta. Haka nan ruwan leda da zoɓon da ake ƙullawa a gida.

2. Ɗumi kawai ba ya isa. Sai ruwa ya tafasa sosai, yana ɓulɓula, na minti ɗaya. Bayan nan a rufe shi ya huce. Idan ya huce yana nan da tsabtarsa muddin ba a sa masa datti ba.

3. Ruwan kogin Binuwai, da na tafkin Lagdo, da na mayo da kududdufi da rijiya marar murfi, kada a sha sai an tafasa shi ko an sa masa maganin tsarkake ruwa. Ku tambayi ma'aikatan asibiti su nuna muku awon maganin.

4. Randa ta isa ta sanyaya ruwa, ba sai da firiji ba. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin yumɓu, idan iska ta busar da shi, yakan tafi da zafi. A ajiye randa a inuwa, a rufe bakinta, a wanke ta a kai a kai. A keɓe mata moɗa ɗaya mai mariƙi. Kada a sha da moɗar, kada hannu ya shiga cikin ruwan.

Nawa ya kamata a sha?

A Garwa, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan wuce digiri 40. Mai aiki a rana, ko manomi ne, ko masunci, ko mai aikin babur, yana iya zubar da gumi lita ɗaya a awa ɗaya. Idan bai mayar ba, sai ciwon kai, da jiri, da kasala. Ƙarancin ruwa na yau da kullum yana kawo tsakuwa a ƙoda. A irin wannan lokaci ruwa mai sanyi ya fi, domin yana sanyaya jiki, mutum kuma ya fi shansa da yawa. Wanda ya hana kansa ruwan randa da bazara domin ya rame, cutar kansa yake yi.

Fitsari shi ne ma'aunin da kowa yake da shi. Idan yana fita da yawa, launinsa fari-fari, ruwan ya isa. Idan kaɗan ne, ja, mai wari, a ƙara sha. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba, sai a riƙa miƙa musu. Mai ciki da mai shayarwa suna bukatar ƙari. Mai azumi ya buɗe baki da ruwa kafin kayan zaƙi.

Akwai mutum biyu da dokarsu dabam ce. Na fari, wanda likita ya gaya masa yana da ciwon zuciya ko ciwon ƙoda, ya kuma ƙayyade masa ruwa: ya tsaya a kan abin da aka ce masa. Na biyu, jariri wanda bai kai wata 6 ba: kada a ba shi ruwa, ko mai ɗumi ko mai sanyi, ko da bazara ce. Nonon uwa ya ishe shi.

Wa ya kamata ya rage nauyi?

Ba kowa ba. A ƙauyukanmu da yawa, rama ce damuwar, musamman ga yara da mata masu ciki. Waɗannan ƙarin abinci suke bukata. Amma ƙiba tana ƙaruwa a Garwa da Marwa da Ngaundere, har da ƙauyuka, tare da hawan jini da ciwon sukari. Mun saba ɗaukar tumbi alamar wadata, alhali kitsen ciki shi ne ya fi haɗari.

Ga gwajin da za ka yi a gida. Ka samo igiya, ka yanke ta daidai tsawonka, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. Ka ninka ta biyu, ka kewaya cikinka da ita ta wajen cibiya. Idan bakunanta sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, ka zo a auna jininka da sukarinka. Wannan gwaji na manya ne, ban da mai ciki.

Wanda ya kamata ya rage, ga abin da yake aiki:

1. Ya rage sukarin shayi da kunu kaɗan-kaɗan, ƙwaya ɗaya kowane mako, har harshe ya saba.
2. Ya bar lemon kwalba da giya, ya koma ruwa.
3. Ya sha kofi biyu na ruwa wajen rabin awa kafin cin abinci.
4. A auna man miya da cokali, a rage soye-soye.
5. Ya rage malmalar tuwo, ya ƙara ganye: zogale, yakuwa, kuka, kuɓewa, tafasa, tare da wake da kifi.
6. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, saboda hawan jini.
7. Ya yi tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, da sanyin safiya ko da yamma.

Kilo ɗaya ko biyu a wata ya isa. Sannu ba ta hana zuwa. Ku yi hankali da shayin rage ƙiba da ake tallarsa a kasuwa. Da yawa daga cikinsu maganin gudawa ne, ruwan jiki suke zubarwa, kitsen yana nan.

Ramar da take da haɗari

Idan mutum yana ramewa alhali bai rage abinci ba, kada ya ce ruwan zafin da yake sha ne ya yi aiki. Ya zo asibiti da wuri, musamman idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙishirwa marar ƙarewa da yawan fitsari, har da dare. Alamar ciwon sukari ce.
2. Tari fiye da mako biyu, da zazzaɓi, da gumin dare. Yana iya zama tarin fuka.
3. Gudawa mai daɗewa, ko ƙuraje a baki. A yi gwajin jini, har da na ƙanjamau.
4. Abinci yana maƙalewa a ƙirji, ko jini a bayan gida.

Waɗannan cututtuka ana samun taimako a kansu idan an zo da wuri. Jinkiri ne yake kawo asara.

Ƙarshen labarin

Aka zauna da matar nan aka yi mata wannan bayani. Ta yi dariya ta ce, "Ashe randata ba ta yi mini laifin kome ba." Ta koma shan ruwan randa. Ta bar zuma, ta mai da sukarin shayi ƙwaya ɗaya, ta riƙa keɓe nata zoɓon kafin ta zuba wa na sayarwa sukari. Da ta dawo bayan damina, nauyinta ya ragu, gwiwoyin sun yi sauƙi. Ba ta bar maganin hawan jininta ba, gama ba a barinsa sai da izinin likita.

Jiki amana ce da Allah ya ba mu, ruwa kuma kyautarsa ce. Ku sha shi yadda ya yi muku daɗi, da ɗumi ko da sanyi, muddin mai tsabta ne, ya kuma ishe ku.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ake faɗa a garinku game da ruwan zafi da ruwan sanyi? Me kuka koya yau?
2. Kowa ya ƙirga ƙwayar sukari nawa ya sha jiya.
3. Daga ina ruwan shan gidanku yake zuwa? Yaya kuke ajiye shi?
4. Ku kawo igiya a taro na gaba, maza da mata kowa a ɓangarensa, ku yi gwajin ciki.
5. Akwai wani a unguwarku da yake ramewa ba dalili? Wa zai raka shi asibiti?

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.